Batirin da kyamara ta ƙi bai mutu ba

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni ko za ka iya sa baturan da kyamara ta ƙi a cikin caja, tunda har yanzu suna kunna tocila. Kada ka kuskura.

Ɗauki ɗaya ka juya shi. Idan ka ga an rubuta 1.5V, galibi wannan na amfani ɗaya ne, ko irin da aka rubuta wa Alkaline ne ko irin masu arha da ake sayarwa a tebur. Ba a yi su don caji ba. In ka matsa musu sai su yi zafi, su kumbura, ruwan cikinsu ya tsiyayo. Na taɓa rasa kyamara ta wannan hanya. Wani yaro da ya yi aiki a nan kafin kai ya yi musu caji ya mayar da su ciki, sai ranar wani suna a Tudun Wada na buɗe murfin na tarar da farin gari kamar kanwa ya cinye ƙarafunan da batir ke taɓawa. Uwar jego na zaune da jaririnta an ci ado, ni kuwa ina tsaye ina goge-goge da tsumma.

Abin da ya ruɗe ka shi ne kyamara tana zuƙar wuta da yawa lokaci guda, musamman in filasha za ta haska. Batirin da ya fara rauni ba zai iya wannan ba, amma rediyo da rimot da agogon bango kaɗan-kaɗan suke sha. Kai su gida, za su yi wa Inna makonni a rediyonta.

Na caji kuwa NiMH za ka gani a jikinsu, da 1.2V. Masu kyau, girman da ake kira AA, suna ɗaukar 1900 zuwa 2500 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa. In ka shiga Kasuwar Gumi wani ya miƙo maka ƙaramin AA an rubuta 4000 ko 5000, mayar masa da abinsa, ƙarya ce aka buga a takarda. Ni Eneloop na fi so, irin da Sanyo ya fito da shi a 2005, yanzu Panasonic ke yinsa, domin ko ya yi watanni a aljihun jaka cajinsa ba ya zurarewa kamar na sauran.

Huɗun da suka fara aiki tare su ƙare tare. Shi ya sa ka ga na ɗiga musu jan farce, wasu ja wasu shuɗi. Sabo da tsoho ba sa zama kyamara ɗaya, mai ƙarfin zai kashe mai raunin. Zafi ma yana cinye su, don haka kada ka bar jaka a but ɗin mota cikin ranar Afrilu.

Asabar muna da ɗaurin aure a Unguwar Rimi. Da an kawo wuta ranar Juma'a ka sa jajayen, in sun cika ka cire su ka sa shuɗayen.