Amsa ga mai tambaya a kan zubar jinin dasashi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, sau biyu na karanta tambayarka kafin na zauna rubuta wannan amsa, domin abin da ka bayyana shi ne ainihin abin da na yi shekaru ina fama da shi. Ka ce kusan wata shida ke nan duk lokacin da ka goge baki sai ka ga jini a cikin kumfar da ka tofar, amma ba ka jin ciwo ko kaɗan. Wani ya ba ka shawara ka daina kai buroshi wurin har ya warke. Kuma kana jin tsoron zuwa a wanke maka haƙora a asibiti saboda ka ji ana cewa wankin yana sa haƙora girgiɗi. Ni ba likita ba ne, majinyaci ne da wannan cuta ta dasashi ta raba da turminsa, wato haƙorin tauna, ɗaya na ƙasa, kuma abin da zan faɗa maka na koye shi ne a kujerar likitan haƙori da kuma gaban madubi.

Shawarar da aka ba ka ta daina goge wurin ita ce na bi, kuma ita ce ta cuce ni. Lafiyayyen dasashi ba ya zubar da jini don buroshi ya taɓa shi. Abin da ke faruwa shi ne, sa'o'i kaɗan bayan an goge baki, wani datti mai yauƙi, fari-fari, yakan fara taruwa a daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, kuma akasarinsa ƙwayoyin cuta ne da ke manne wa juna. Idan aka bar shi, jiki sai ya tura jini da sojojin garkuwarsa zuwa wurin, dasashin ya kumbura, ya yi ja, ya yi laushin da ɗan taɓi kaɗan zai sa shi jini. Ke nan dattin da ya kwana a wurin ne ya jawo jinin, kuma wanda ya janye buroshi ya ƙara wa dattin wurin zama ne kawai. An gwada wannan a zahiri tun 1965 a ƙasar Denmak, inda wani likita mai suna Harald Löe ya sa mutane masu lafiyayyen dasashi suka daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuwa, cikin kamar mako guda ya koma yadda yake. A wannan matakin farko cutar tana warkewa sarai, ba ta barin tabo.

Matsalar ita ce ba ta tsayawa nan ga kowa. Dattin da ya daɗe yakan sha sinadaran da ke cikin miyau ya daskare ya zama kamar dutse, kuma daga lokacin babu buroshin da zai iya cire shi. Ka ɗauki madubi ka duba bayan haƙoranka na gaba na ƙasa, wajen da harshe ke taɓawa, domin a nan ne ya fi taruwa saboda kusancinsa da maɓuɓɓugar miyau ta ƙarƙashin harshe. Wannan dutse yana da kaushi, sabon datti yana samun mariƙa a kansa, a hankali kumburin ya gangara ƙasa, dasashi ya saki jikin haƙori, wani aljihu ya buɗe a tsakaninsu, sannan ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori ya fara zaizayewa. Duk wannan yana iya ɗaukar shekaru ba tare da ciwo ba, kuma rashin ciwon nan da ka ambata shi ne ya fi tayar mini da hankali a cikin tambayarka. Ruɓewar haƙori takan hana mutum barci har ya nemi magani dole, ita kuwa wannan ba ta yin haka sai ta yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa mutum fiye da biliyan 1 ne ke ɗauke da matakinta mai tsanani.

Ranar da na je asibiti, abin da ya kai ni shi ne turmin nan da ya fara motsi idan na tauna abu, da kuma warin bakin da matata ta daure ta faɗa mini. Likitar ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo a bakinsa, tana zura shi a hankali tsakanin dasashi da haƙori, wuri shida a kowane haƙori, tana kiran lamba mataimakiyarta na rubutawa. Ina kwance ina jin ta: biyu, uku, biyu, uku. Da ta iso bayan muƙamuƙina na hagu sai na ji ta ce biyar, shida, takwas, ta kuma yi ɗan shiru. Daga baya ta bayyana mini cewa zurfin milimita 1 zuwa 3 shi ne na lafiya, daga 4 zuwa sama aljihu ne, 6 zuwa sama kuma yana nuna ƙashi ya tafi da yawa. Ta ɗaga hoton ƙashin da aka ɗauka ta nuna mini da bakin biro inda ƙashin ya kamata ya tsaya da inda ya koma, kusan rabin saiwar a tsirara. Na tambaye ta ko zai dawo, ta ce galibi ƙashin da ya tafi ba ya dawowa, aikinmu shi ne mu tsare wanda ya rage. Wancan turmin bai tsira ba, amma sauran duk suna nan har yau.

Yanzu ga batun tsoron wanki. Na san inda wannan magana ta samo asali, domin ni ma bayan an gama kankare mini, da na kai harshe bayan haƙorana na ƙasa sai na ji giɓi-giɓi a wuraren da da suke a toshe, wasu haƙoran ma na ji kamar sun ƙara motsi. Na yi wa likitar ƙorafi, sai ta nuna mini gutsattsarin da ta ciro a kan auduga, wasu ruwan ɗorawa, waɗanda suka fito daga ƙarƙashin dasashi kuma baƙaƙe ƙirin. Giɓin da ma yana nan, cutar ce ta cinye naman da ƙashin wurin, dutsen ya cike gurbin ya haɗe haƙoran kamar siminti, yana ɓoye ɓarnar kuma yana ƙara ta. Na'urar wankin girgiza take yi da feshin ruwa, ba ta yanka haƙori. Idan aljihun yana da zurfi akan yi allurar kashe zafi a tsaftace har jikin saiwa, wani lokaci a zama biyu ko fiye. Ka sa ran jin tsami idan ka sha ruwan sanyi na 'yan makonni, kuma dasashin zai ɗan ja baya yayin da kumburin ke saɓewa, haƙoran su yi kamar sun ƙara tsawo. Bayan kamar wata biyu da aka sake auna ni, wuraren da suke 5 da 6 yawancinsu sun dawo 3 da 4, motsin kuma ya ragu ƙwarai.

Sai dai abin da likita zai yi maka a zama ɗaya bai kai muhimmancin abin da za ka riƙa yi da hannunka kullum ba, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna faɗuwa. Ka nemi buroshi mai laushi, ka karkatar da shi yadda bakin gashinsa zai fuskanci layin dasashi, ka riƙa ɗan jujjuya shi a wuri ɗaya ba tare da dannawa da ƙarfi ba, minti biyu, safe da dare, da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Gurzawa da ƙarfi kamar ana wankin tukunya tana cinye dasashi ne kawai. Na dare shi ne ba a wasa da shi, saboda miyau yana raguwa a lokacin barci. Abin da ya sauya mini al'amari kuwa shi ne tsaftace tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya isa kuma inda cutar ta fi farawa. Akwai zaren sakace, akwai kuma wasu ƙananan buroshi masu kama da na wankin kwalba, masu girma daban-daban, waɗanda a ganina sun fi zare amfani ga duk wanda ke da ɗan giɓi. A kwanakin farko jini zai fito fiye da yadda ka saba, har ka ji kamar ka bari, amma ka daure. Ni a cikin mako na biyu ne na lura kumfar ta dawo fara.

Game da magunguna, ruwan kurkurar baki mai kulohezidin yana taimakawa na ɗan lokaci idan likita ya rubuta, amma yana rina haƙora da harshe idan aka daɗe a kansa. Ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a sha ba tare da an cire dutsen ba, kumburi kawai suke kwantarwa na 'yan kwanaki ya dawo.

Ba ka faɗi ko kana shan taba ba, ko kana da ciwon sukari, kuma waɗannan biyun suna da nauyi sosai a wannan cuta. Taba tana takure ƙananan hanyoyin jini, saboda haka mai shan ta yana iya kasancewa da cuta mai tsanani ba tare da ganin jini ba, jinyarsa kuma ba ta kan yi kyau kamar ta wanda ba ya sha. Ciwon sukari da ciwon dasashi kuwa kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi: sukarin da ya hau yana tsananta kumburin, kumburin kuma yana wahalar da daidaita sukarin. Idan akwai shi a danginku, ka yi gwaji. Haka nan wasu magungunan hawan jini irin su nifedifin da amlodifin, da maganin farfaɗiya fenitoyin, suna iya sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙora. Kada mutum ya daina shan su da kansa, ya dai sanar da likitocinsa. Ga 'yan'uwa mata da ke karanta wannan, juna biyu yana ƙara kumburin dasashi, kuma bai hana a wanke haƙora ba.

Wata shida ya isa dalilin zuwa asibiti ko da jinin ya tsaya bayan ka gyara gogewarka. Idan kuma ka ga mugunya tana fitowa daga dasashi, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko jinin yana zuba da kansa ba a taɓa ba tare da kasala da tabon jini a fata, wannan ba na jira ba ne, ka je a ranar. In ka je, ka roƙi a auna maka zurfin aljihunan a faɗa maka lambobin, ka tambaya ko ana buƙatar hoton ƙashi, ka kuma sa a gwada maka girman ƙaramin buroshin da ya dace da tsakanin haƙoranka. Ni duk bayan wata uku nake komawa a duba ni, kai kuwa idan aka tarar cutar ba ta taɓa ƙashi ba, mai yiwuwa a ce maka wata shida-shida. Allah Ya ba ka lafiya, kuma idan ka dawo ka rubuto mana lambobin da aka samu.