Karena yana jan ƙafafun baya, akwai allurar da za ta tashe shi?

Tambaya: Ina da karen gadi, Alseshan, a gidana da ke Hotoro. Shekararsa 9. Wata huɗu ke nan yana jan ƙafafun baya, faratansa sun side, in ya zo juyawa sai ƙugunsa ya yi tangaɗi. Yana cin abinci sosai, ba ya kukan ciwo. Likitan dabbobi ya ce yana zargin lalacewar laka ce. Wace allura za a yi masa?

Amsa: Malam, in dai wannan cutar ce, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da DM, babu allura ko ƙwayar da ke tsayar da ita. Jijiyoyin lakar gadon baya ne ke mutuwa sannu a hankali, saƙo ya daina isa ƙafa. Shi ya sa ba ya kuka: cutar ba ta da zafi. Ta fi kama karnuka irin su Alseshan da Boksa daga shekara 8 zuwa sama, kuma a 2009 aka gano alaƙarta da ƙwayar gado mai suna SOD1. Yawanci cikin wata 6 zuwa 12 kare yakan daina tafiya da kansa.

Amma kafin a sallama, a tabbatar ba wani abin ba ne. Gocewar faifan ƙashin baya, ciwon kwatangwalo da ƙari duk suna kama da ita, kuma wasunsu ana maganinsu. A ɗauki hoton ƙashi, a gwada jini saboda cututtukan kaska. In abin ya fi ƙarfin nan Kano, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba nisa. Shanyewar da ta zo cikin kwanaki kaɗan, ga dalala, ga kare ba rigakafi, wannan zancen haukan kare ne, kada a taɓa bakinsa. Naka na wata huɗu bai yi kama da haka ba.

Abin da ke saya masa lokaci shi ne motsi. Wani bincike na 2006 a Suwizalan ya nuna karnukan da aka yi wa atisaye sosai sun rayu kwana 255 a matsakaici, waɗanda ba a yi wa ba kwana 55. A fita da shi minti 5 zuwa 10, sau uku zuwa biyar a rana, a tsaya kafin ya gaji. A zura tawul ko majanyi ƙarƙashin mararsa a tallafe ƙugun, amma kada a ɗage shi sama, a bar ƙafafun su ɗauki nauyi. In ya kwanta, a lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta kamar sau 10, a hankali. A sa shi ya zauna ya tashi sau biyar kafin a ba shi abinci.

A zafin Maris zuwa Mayu, fita da shi sai bayan asuba da bayan magariba. Siminti mai zafi na iya ƙona masa ƙafa. Kuma da bayan yatsu yake ja, nan fata ke salewa. A sa masa safar yara a naɗe da filasta ba tamau ba, a cire da an dawo, don gumi na ruɓar da tsakanin yatsu. Tayil kuwa abokin gabarsa ne, saboda santsi. A shimfiɗa tabarmar roba ko tsohon kafet a hanyarsa. A rage masa tuwo da ƙanzo, ƙiba na saurin kwantar da shi.

Kada a je kemis a sayo ibufurofen ko dikulofenak, suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Maganin kumburi na furednisolon ma ba ya taɓa cutar, sai dai ya zaizaye naman cinyar da ake lallaɓawa.

In ƙafafun sun ƙi gaba ɗaya, mai walda zai iya haɗa keke da bututu mara nauyi da tayoyin keken yara biyu. A auna daga ƙasa zuwa ƙugu yadda bayansa zai miƙe, a naɗe inda ya taɓa fata da soso. Kada ya wuni a ciki, ba ya iya kwanciya.

Wahalar gaske tana zuwa lokacin da fitsari da kashi suka kuɓuce masa. Katifa mai rufin leda da zani a kai, a juya shi kowane awa 4, in ba haka ba gyambo zai fito a kwatangwalo, ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta shiga cikin kwana ɗaya. A aske gashin cinya, a wanke da ruwan ɗumi da safar hannu, a tsane, a shafa basilin. Likita ya koya maka matse mafitsara sau uku ko huɗu a rana. Fitsari mai wari ko jini alamar ƙwayar cuta ce, a kai gwaji.

Ranar da rauni ya hau ƙafafun gaba, ko haɗiya da numfashi suka fara yi masa wuya, ka zauna da likitan ku yi maganar allurar da za ta hutar da shi har abada.