Tambaya da Amsa: Ɗalibina Bahago Ne Mai Ƙarfin Jifa, Yaya Zan Auna Makomarsa a Besbol?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare da ke Samaru, Zariya. Shekara biyu ke nan da wani tsohon ɗalibinmu da ya yi karatu a Amurka ya kawo mana kayan wasan besbol, muka fara koya wa yara. A cikinsu akwai wani ɗan shekara 16, dogo, siriri, bahago, wanda in ya yi jifa sai mai cafewa ya riƙa yarfa hannu saboda zafi. Sai dai cikin jifa goma da ƙyar huɗu suke shiga inda ake so. Wanda ya kawo kayan ya ce bahagon mai jifa yana da tsada a Amurka, ga shi yanzu mahaifin yaron ya zo yana tambayata ko abin zai kai ɗansa wani wuri. Me zan duba, kuma me zan gaya wa mahaifin?

Daga wani malamin motsa jiki, Samaru

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsohon ɗalibinku bai yi ƙarya ba. Bahagwai ba su wuce kusan ɗaya cikin goma na mutane ba, amma a babbar gasar Amurka, wato MLB, sun kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu jifa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san dalili: wanda ya saba karawa da badama, ranar da ya haɗu da bahago sai hannu ya zo masa ta inda bai yi tsammani ba. Ban da wannan, lanƙwasasshen jifan bahago yana guje wa mai bugun da shi ma bahago ne, sannan yayin da yake tsaye fuskarsa tana kallon tasha ta farko, wato wurin farko da mai bugu yake gudu ya tsaya, don haka da wuya wanda ya tsaya a nan ya sulale zuwa tasha ta gaba bai gan shi ba. Waɗannan su ne suke sa masu farautar 'yan wasa su tsaya su kalli yaro. Abin da yake sa su ba shi kwantiragi wani abu ne daban, kuma jifa huɗu cikin goma da ka ambata shi ne ya fi ɗauke mini hankali.

Masu farautar suna auna kowace baiwa da ma'auni daga 20 zuwa 80, inda 50 take nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa, kuma sukan ba da maki biyu, na yanzu da na abin da suke hasashe nan gaba. Gudun ƙwallo ne aka fi yayatawa, domin matsakaicin miƙaƙƙen jifa a MLB a 'yan shekarun nan ya kai kusan kilomita 151 a sa'a, ƙwallon kuma tana isa wurin mai bugu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Amma kada ka auna ɗan shekara 16 da wannan adadi, kada kuma ka dogara da manhajar waya wajen auna gudu. Yaro dogo siriri wanda ƙashinsa bai gama cika ba yakan ƙara gudu da kansa idan ya samu abinci da horo, shi ya sa za ka ga masu farauta suna kallon faɗin kafaɗarsa da tsawon iyayensa.

Saiti ne ya fi wuyar samu, kuma kana iya gwada shi ba tare da kashe ko kwabo ba. Ka samu bango ka zana akwati da alli a matsayin wurin da ake so jifa ya shiga, faɗinsa santimita 43, tsawonsa daga gwiwar mai bugu zuwa ƙasan ƙirjinsa, sannan ka auna mita 18.44 ka tsayar da yaron. Ya yi jifa 30, ka rubuta nawa suka shiga, ka maimaita sau biyu a mako har zangon karatu ya ƙare. Ba adadin ranar farko nake so ka duba ba, ina so ka ga ko yana hawa daga wata zuwa wata. Idan ya fara cika akwatin, ka raba shi gida huɗu ka riƙa faɗa masa gidan da zai jefa, domin a wajen masana, shigar da ƙwallo akwati daban, ajiye ta a kusurwar da aka nufa daban, kuma na biyun ne yake ciyar da mai jifa. Ka kuma ɗauke shi bidiyo daga gefe da baya, ka lura ko ƙafarsa ta dama tana sauka wuri ɗaya kullum, ko hannunsa yana sakin ƙwallo daga tsayi ɗaya, ko kansa yana karkacewa. Yawancin rashin saiti daga ƙafa da ƙugu yake farawa, ko da yake hannu ake ɗora wa laifi.

Rashin saiti a wannan shekaru bai yanke hukunci ba. Sandy Koufax, wani bahagon mai jifa, ya fara wasa da ƙungiyar Dodgers ta MLB a 1955, ya shafe shekara shida yana jifa da ƙarfi ba saiti, ya ci wasa 36 ya faɗi 40. A 1961 mai cafe masa, Norm Sherry, ya ba shi shawarar ya rage ƙarfi, daga nan ya zama dodon masu bugu har ya ci kyautar Cy Young, wadda ake bai wa gwarzon mai jifa na shekara, sau uku. Randy Johnson, shi ma bahago mai tsawon mita 2.08, ya fi kowa a rukuninsa bai wa masu bugu tasha kyauta saboda kuskuren saiti shekara uku a jere, daga 1990 zuwa 1992, amma ya yi ritaya da nasara 303 da kyautar nan sau biyar. Dogayen yara sukan daɗe kafin gaɓoɓinsu su ji maganar juna. A ɗaya gefen kuma akwai Jamie Moyer, wani bahagon, wanda jifansa bai cika wuce kilomita 130 da 'yan kai ba, amma da saiti da yaudara ya ci wasa 269, har ya ci wasa a 2012 yana da shekara 49. A ganina, ga yaron da yake tasowa a Zariya, darasin Moyer ya fi amfani, domin saiti da bango da alli ake gina shi.

Jifa na biyu da zan so ka koya masa shi ne na yaudara, wanda ake tura ƙwallo can cikin tafin hannu, hannu ya tafi da saurin da ya saba amma ƙwallon ta iso a makare. Tunda yawancin masu bugun da zai fuskanta badamai ne, wannan ne makaminsa a kansu. Lanƙwasasshen jifa ya jira har saiti ya zauna.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci ga mahaifinsa, wato lafiyar hannu. Ƙa'idar da MLB da hukumar besbol ta Amurka suka fitar ta ce ɗan shekara 15 zuwa 16 kada ya wuce jifa 95 a rana, idan kuma ya kai 76 sai ya huta kwana huɗu. Ka riƙa ƙirgawa da takarda da biro, domin yaro mai jin ƙarfi ba zai ce maka ya gaji ba, musamman idan abokansa suna yi masa kirari. Da sanyin safiyar hunturu kada ya taɓa ƙwallo sai ya yi gudu jikinsa ya ɗumama. Idan ya yi kukan ciwo a cikin gwiwar hannu ko kafaɗa, ya daina jifa, a kai shi likitan ƙashi ya duba. Tiyatar jijiyar gwiwar hannu da ta shahara a wasan ta samo sunanta ne daga wani bahago, Tommy John, wanda Dakta Frank Jobe ya yi wa ita a 1974, kuma jinyarta takan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Koufax kansa ciwon gwiwar hannu ne ya ajiye shi a 1966 yana da shekara 30.

Mahaifin kuwa ka gaya masa gaskiya tsirararta. Sai a 2017 aka samu haifaffen Afirka na farko da ya buga a MLB, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, kuma ya shafe shekaru a ƙananan rukunai kafin ya kai. Ƙungiyoyin suna iya ɗaukar yaro daga ƙasashen waje tun yana shekara 16, suna kuma bincikar shekarun haihuwa da tsanani, saboda haka a adana takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kada wani ya ba da shawarar a rage masa shekara. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya kai shi gwaji a ƙasar waje, a yi hattara da shi. Yaron ya riƙe karatunsa ya zana jarrabawarsa, kai kuma ka tuntuɓi ƙungiyar besbol da softbol ta Najeriya don ya samu wasanni na gaske da masu bugun da suka fi shi, domin bango ba ya rama duka. Bayan wata shida ka aiko mana da adadin da ka rubuta na jifa 30 ɗin nan tare da bayanin abin da ka gani a bidiyon, mu sake duba maganar.