Yaya ake sa ƙaramar tirela ta roba ta yi kama da wadda ta sha hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Tudun Wada ne a Zariya, kuma tun ina yaro nake ƙera motar kara da ta langa-langa. Kwanan baya yayana ya kawo mini tsarabar kan tirela ƙirar DAF na roba, irin wanda ake harhaɗawa da hannu, mai ma'aunin 1:24. Na haɗa shi na yi masa fenti, amma ya fito fes kamar abin wasan yara. Da na so ya yi kama da motocin da nake gani a Kwangila, sai na shafa masa laka da baƙin mai. Yau mako uku man bai bushe ba, lakar kuma sai zubewa take yi. Ina kuskuren yake, kuma da me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na yi murna da wannan tambaya, domin hannun da ya saba da fere kara da lanƙwasa langa-langa ya riga ya mallaki haƙurin da aikin nan yake nema. Kuskurenka ba na rashin iyawa ba ne, na ma'auni ne. Ma'anar 1:24 ita ce an rage kowane abu sau 24, ta yadda kan tirela mai tsawon mita 6 ya koma santimita 25, taya mai tsayin mita 1 kuma ta koma kimanin santimita 4. Motar an rage ta, amma lakar da ka ɗebo daga tsakar gida ba a rage ta ba. Ƙwayar yashi mai kaurin milimita 1, idan ta zauna a jikin wannan mota, matsayin tsakuwa mai milimita 24 take da shi, ido kuwa yana gane haka nan take ko da mai kallon bai san dalili ba. Shi kuma baƙin mai ba fenti ba ne, ba a yi shi don ya bushe ba, saboda haka ko shekara ka jira ƙura kawai zai yi ta kamawa.

Ka fara da wanke motar da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da tsohon buroshin haƙori, sau biyu ko uku, har santsin man ya fita. Kada fetur ko tinar masu fentin mota su kusance ta, domin robar da kamfanoni irin su Italeri da Revell suke yin waɗannan motoci da ita narkewa take yi idan sun taɓa ta.

Kafin ka sake ɗaukar buroshi, shawarata ita ce ka je Kwangila ko Ɗan Magaji da safe, ka yi wa direba ko yaron mota sallama, ka nemi izinin ɗaukar hoton mota guda ɗaya daga kowane ɓangare. Na ce guda ɗaya, domin wanda ya tattara dattin motoci goma ya ɗora wa ɗaya, abin da zai samu ba ya kama da ko wacce. Idan ka tsaya kusa za ka ga cewa kowane tabo yana da dalili. Jar ƙasa tana taruwa a bayan tayoyi da ƙarƙashin matakala, ta yi ta raguwa zuwa sama har ta ɓace wajen rabin ƙofa. A bakin tankin mai akwai duhun da gas ya zuba ya gangara, ƙura ta manne masa. Hayaƙi yana barin baƙi a bakin salansa da abin da ke kusa da shi. Fenti ya goge a mariƙin ƙofa da inda takalmin direba yake dira kullum, har ƙarfe yana ƙyalli. A gilashin gaba kuwa waifa ta share rabin da'ira biyu, ta bar hazo a gefe. Tsatsa ma tana da mazauninta: gindin ƙusoshi, wurin walda, sifirin, da gefen da aka taɓa bugewa. Tankin alminiyam ba ya jar tsatsa, haka ma sassan roba na bamba da rumfar saman kai, kuma yi musu tsatsa shi ne kuskuren da ya fi tona asirin sabon shiga.

Game da kayan aiki, ba sai ka jira an kawo maka komai daga waje ba. Shagunan da ke sayar wa ɗaliban zane kaya a Samaru da kasuwar Sabon Gari za su wadatar da kai: fentin akirilik da ake sirkawa da ruwa, fentin mai na masu zane a launin ƙasa-ƙasa da baƙi da ruwan goro, tafentain na sirka shi, allin zane mai launi, da buroshi ƙanana biyu ko uku. Sauran suna cikin gida, wato soso, fensir, reza, da ƙyalle mai laushi.

Jerin aikin yana da muhimmanci, domin haka ita ma motar gaske ta tsufa: fenti ne a ƙasa, sai ƙarzuwa, sai maiƙo, ƙura kuma a sama. Idan fentin jiki ya bushe sarai, ka yagi ɗan soso kamar ƙwayar gyaɗa, ka tsoma shi a akirilik mai duhun ƙasa, ka dangwala a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka taɓa gefen matakala da bakin bamba a hankali. Bayan kwana guda ka sirka fentin mai da tafentain har ya zama kamar shayi marar madara, ka ɗiga shi da bakin buroshi a layin ƙofa da gindin ƙusoshi. Za ka ga ya bi layin da kansa, ya fito da zurfin da a da ba a gani. Abin da ya wuce gona da iri ka share shi da buroshi mai ɗan danshi, kana ja daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan damina yake gangarowa. Wannan dabara tana aiki ne saboda tafentain kaɗan ba ya tayar da akirilik da ya bushe. Idan fentin jikin na mai ne, sai ka fara rufe shi da akirilik marar launi.

Ƙura ita ce ran aikin ga motar ƙasarmu, kuma a nan ne na fi so ka daɗe. Ka kankare allin zane da reza ya zama gari, ka haɗa ja-ja da ruwan ƙasa da ɗan fari har launin ya dace da hotonka. Ƙasar Zariya ma tana yi, da sharaɗin ka shanya ta, ka daka, ka tankaɗe ta da ƙyalle mai laushi har ta yi laushin hoda. Ka ɗora garin da busasshen buroshi, kaɗan-kaɗan, kana ja da baya kana duba motar daga nisan hannu bayan kowane shafi. Ka tuna kuma cewa ƙurar hunturu fara-fara ce, tana kwanciya a saman kai da kan gilashi, ta damina kuwa laka ce mai duhu da ake fantsamawa daga ƙasa. Ka zaɓi lokaci ɗaya ka tsaya a kansa. Tayoyi ka goge musu layin tsakiya da ƙyallinsu da takardar yashi, ka cusa garin cikin zanensu, sannan ka share saman da yatsa. Fensir kuma, idan ka goga shi a mariƙin ƙofa da farantin da ake ɗaura bodi, yana ba da ƙyallin ƙarfen da ya sha hannu fiye da kowane fenti mai ruwan azurfa.

Akwai wani abu da datti kaɗai ba zai ba ka ba. Motar da ke cikin kwalin nan an ƙera ta ne yadda take fitowa daga masana'antar DAF a Holan, ta Kwangila kuwa ta zama 'yar gida. Ka duba sitiyari ya kasance a hagu, tunda Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Lambar motar haya jan rubutu ne a kan fari. Ka ƙara mata ƙarfen kariya a gaba daga siririyar waya, da buta da jarka a rataye a bayan kai, da tabarma a naɗe, da tamfol na takarda mai laushi da aka jiƙa da gam ɗin katako da ruwa. Rubutun goshi irin “Allah Ya kiyaye hanya” ka yi shi da hannu, domin na gaskiyar ma da hannu ake yi. Idan hannunka ya faɗa, ina fata wata rana ka gwada bodin katako irin na Mercedes 911 da tsinken ashana da siraran katako, wanda aiki ne da gwanintarka ta motar kara za ta yi maka rana sosai.

Yanayin garinmu ma yana shiga aikin. Da hunturu akirilik yana bushewa a bakin buroshi, ƙura kuma tana sauka a ɗanyen fenti, don haka ka kifa kwali a kan motar da zarar ka gama shafi. Gilasai ka manna su da gam ɗin katako, domin sufa gulu yana sa su yin hazon da ba ya gogewa. Fentin mai yana son kwana biyu ko uku kafin a ɗora masa gari, kuma ka buɗe taga duk lokacin da kake aiki da tafentain. Kowace dabara ka fara gwada ta a kan farin cokalin roba da ka yi wa fenti irin na motar, sannan ka koma ƙarƙashin motar, inda kuskure ba ya fitowa fili, kafin ka taɓa ƙofa da goshi.