Amsa ga 'yar'uwar da hayaniyar titi ta hana barci

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce tun da kuka koma gidan da ke bakin babban titi barcinki ya lalace, kanki na yawan ciwo, kina saurin yi wa yara tsawa, kuma kina tambaya ko hayaniyar ce sanadi, sannan ko sauraron sautin ruwa da kukan tsuntsaye a waya yana da wani amfani. Wallahi ina karantawa ina jin kamar labarina kike bayarwa, don haka kada ki bari kowa ya ce miki raki ne ko ƙorafin mata.

Ni tawa jarrabawar ba ta titi ba ce. Wani maƙwabcinmu a Kano ne ya fara sana'ar ƙanƙara, ya girke ƙaton janareta a jikin katangar ɗakin da muke kwana, yana tayar da shi bayan Isha'i, ba ya kashewa sai gari ya waye. Maigidana ya same shi cikin girmamawa, amma amsar da ya bayar ita ce ba a hana mutum neman halalinsa, kuma wai za mu saba. Har yau wannan kalma ta "za ku saba" tana sosa mini rai, domin shi a wata unguwa yake kwana da iyalinsa, yaran shagonsa kawai yake bari a wurin. Daren da ba zan manta ba, ana tsakiyar zafin bazara, ƙaramar 'yata tana fama da zazzaɓi. In na rufe taga zafi ya dame ta, in na buɗe ƙara da hayaƙi su cika ɗakin. Na goya ta ina kai-kawo a tsakar gida, ƙirjina yana bugawa, hannuwana suna rawa, ina kuka ba tare da na iya tsayar da hawayen ba. Da safe mai janaretan ya wuce ta ƙofar gidanmu, ya ga halin da muke ciki, ko sannu bai ce ba. Bayan haka ne na je asibiti aka auna ni, aka ce jinina ya hau.

Maganar sabo ba gaskiya ba ce. Kunne ba ya rufewa idan mutum ya yi barci, saboda haka jiki yana ɗaukar kowace ƙara mai ƙarfi a matsayin barazana, ya saki sinadaran fargaba, bugun zuciya ya ƙaru, barci mai nauyi ya katse ko da mutum bai farka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa nahiyar Turai a 2018, ta ba da shawarar kada ƙarar motoci da dare ta wuce desibel 45 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali hirar mutum biyu ma tana kai kimanin 60. Ki kwatanta wannan da hon ɗin tirela ko jerin adaidaita sahu a ƙofar gidanki. Hukumar ta kuma danganta daɗewa cikin irin wannan ƙara da cututtukan zuciya. Don Allah ki je a auna jininki, kuma kada ki sayi maganin barci a kemis ba tare da likita ya rubuta ba.

Game da sautin ruwa da tsuntsaye, eh, yana da amfani. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2021 ya tattaro bincike da dama, ya nuna cewa kukan tsuntsaye ya fi rage damuwa da ƙunci, sautin ruwa kuma ya fi sanya nishaɗi. Ni na shaida haka lokacin da na je ganin gida a ƙauyenmu da damina. Kukan kwaɗi ya fi ƙarfin a kira shi shiru, ga zakaru da kurciyoyi da asuba, amma na yi barcin da na daɗe ban yi ba, ciwon kan ma ya tafi. Sai dai ki sani, na waya taimako ne kawai, ba ya kawar da ƙarar titin. Ki sa shi ƙasa-ƙasa, kada ki kwana da abin sauraro a kunne kina ƙure sauti don ki danne ƙarar motoci, domin hakan illa ce ga kunnenki.

Idan gidan yana da ɗaki ta baya, ku koma can da kwana ko da ya fi ƙanƙanta. Ku sa labule mai kauri, ku toshe kafofin taga da na ƙofa, ku janye gado daga bangon da ke kallon titi. Ana sayar da abin toshe kunne na soso, amma mai jego ta yi hattara kada ta kasa jin kukan jaririnta. Bayan sallar Asuba, kafin motoci su fara yawa, ki zauna a tsakar gida ko ƙarƙashin bishiyar darbejiya ki saurari tsuntsaye na ɗan lokaci, ki ɗan taka idan da hali. Yaran ma suna buƙata. Sau da yawa rigimarsu ta rashin barci ce. Kuma tunda na ambaci janareta, ina roƙon kowa kada a kwana da shi a cikin gida ko gindin taga, hayaƙinsa yana kisa.

Mu dai sai da maƙwabta suka haɗu suka kai kuka wurin mai unguwa kafin mutumin ya matsar da injinsa, kuma har ya matsar yana gunaguni yana cewa hassada ce. A nan ne na ji cewa hukumar NESREA, mai kula da dokokin muhalli a Najeriya, tana da dokar hana ƙara tun 2009. Ke ba za ki iya kai ƙarar titi ba, amma idan akwai mai lasifika ko injin niƙa da ke ƙara miki wahala da dare, wannan kina da haƙƙin yin magana. Idan kuma haya kuke yi, ki zauna da maigidanki ku duba yiwuwar tashi idan kuɗin hayar ya ƙare. Allah Ya ba ki lafiya, kuma ki sanar da mu abin da awon jinin ya nuna.