Shin da tramol mahayan Tour de France suke hawan tsaunuka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na daɗe ina bibiyar Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, duk watan Yuli, na san rigunan da ma'anarsu, na kuma san yadda ake tara lokaci zango bayan zango, wato tseren kowace rana. Ni ne ma na jawo ƙanena cikin wannan kallo, har ya sayi keken tsere na hannu yana fita da abokansa a ƙarshen mako. Kwanan nan na tsinci katin tramol a jakarsa. Da na tsare shi sai ya ce ai babu ɗan Adam da zai yi sati uku yana hawan tsaunuka a kan keke ba tare da ita ba, kuma mai kemis ɗin unguwarmu ya tabbatar masa cewa duk mahayan nan da ita suke tsere. Hankalina ya tashi, ga shi kallon ma ya fara fita mini a rai. Shin gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, to da me suke yin abin da muke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai kemis ɗin nan ƙarya ya yi wa ƙanenka, kuma ƙarya ce da yake cin riba da ita, tunda shi ne mai sayar da kayan. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta tramol a lokacin gasa tun ranar 1 ga Maris 2019, ana ɗiban ɗigon jini daga yatsan mahayi bayan zango a gwada, sannan hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, WADA, ta sa ta a jerin haramtattun magungunan gasa daga 1 ga Janairu 2024. Tunda ka riga ka san yadda tseren yake tafiya, zan kai ka zango guda ɗaya tak, domin amsar tambayoyinka biyu tana cikinsa.

Ranar 13 ga Yuli 2022 aka yi zango na 11, daga Albertville zuwa ƙololuwar Col du Granon a tsaunukan Alps. Tadej Pogacar ne yake sanye da rigar rawaya, wadda mai jan ragamar gasar yake sawa, ya ci gasar 2020 da ta 2021, kuma kowa ya ɗauka ta uku ma tasa ce. Sai dai ƙungiyarsa ta ragu, domin cutar korona ta riga ta cire masa mutum biyu. Ƙungiyar Jumbo-Visma ta lura da wannan, ta tura Wout van Aert da Christophe Laporte cikin waɗanda suka ɓalle gaba tun da wuri, don su jira a can. Da aka zo tsakanin hawan Telegraphe da na Galibier, saura kusan kilomita 60, sai Primoz Roglic da Jonas Vingegaard, jagororin Jumbo-Visma, suka fara kai wa Pogacar farmaki bi da bi: wannan ya zabura, Pogacar ya bi shi ya kamo, kafin ya shaƙi iska ɗayan ya zabura. Ba shi da damar ƙyale ko ɗaya daga cikinsu, domin dukansu biyu suna iya ƙwace masa rigar. Ya amsa musu duka, har aka tsallake Galibier mai tsayin mita 2,642 yana nan daram, masu sharhi suna ta yabonsa. Amma a hawan ƙarshe, mai tsawon kilomita 11 da 'yan kai, saura kamar kilomita biyar Vingegaard ya zabura sau ɗaya, Pogacar ya kasa ɗaga ƙafa. Aka gan shi ya zuge rigarsa har ƙasa, baki buɗe, mutanen da ya saba bari a baya suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ya iso bayan minti 2 da daƙiƙa 51, rigar ta bar jikinsa har ƙarshen gasar. Abin da ya kayar da shi lissafi ne da Jumbo-Visma ta tsara tun kafin a fara zangon, da kuma ƙarfin da aka sa shi ya ɓarnatar awa biyu kafin wurin da yake bukatarsa.

Yanzu ka duba wanda ya zo na biyu a wannan ranar. Nairo Quintana ne, ɗan Kolombiya, gwanin hawa wanda ya taɓa cin Giro da Vuelta, manyan gasannin keke na Italiya da Sifaniya. An ɗebi jininsa ranar, an kuma ɗiba ranar 8 ga watan, duka biyun aka sami tramol. Ya musanta cewa ya sha, ya kai ƙara kotun wasanni ta duniya, kotun ta tabbatar da hukuncin a watan Nuwamba. Aka soke matsayi na shida da ya samu a gasar baki ɗaya, ya rabu da ƙungiyarsa, ya shafe shekarar 2023 babu wata babbar ƙungiya da ta ɗauke shi. Wannan shi ne matsayin tramol a Tour de France a yau, ka kuma karanta wa ƙanenka shi kamar yadda na rubuta.

Ba zan ɓoye maka cewa an taɓa shan ta ba, domin kafin 2019 wasu mahaya sun riƙa haɗa ta da sinadarin caffeine, irin na cikin kofi, a cikin 'yar gorar da suke sha dab da ƙarshen zango, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana iya rage wa mutum ɗan lokaci kaɗan saboda tana dusashe raɗaɗi. To amma ka san dalilin da UCI ta bayar na haramta ta? Dalilin lafiya ne: jiri, gyangyaɗi, da raguwar natsuwa. Mutum sama da 170 ne suke gudu kafaɗa da kafaɗa, tsakanin tayar wannan da ta wancan bai kai taƙi guda ba, a gangare kuma sukan haura kilomita 80 a awa, saboda haka wanda hankalinsa ya gushe na daƙiƙa ɗaya yana iya zubar da mutum talatin. Waɗannan fa a kan titin da aka rufe musu suke, da jami'an tsaro a gaba da motar likita a baya. Ƙanenka kuwa a titin da tirela da tanka da Adaidaita Sahu suke bi yake tuƙi, ba motar asibiti a bayansa, wataƙila ma ba hular kwano a kansa.

Wannan magana ta "ƙwaya tana ƙara ƙarfi" ita ce abin da na fi gajiya da ji a ɗakin duba marasa lafiya, daga ɗan ƙwallo, daga ɗan dako, daga mai tura baro, yanzu kuma har daga masu keke. Tramol maganin ciwo ne na dangin ofiyom, aikinsa a ƙwaƙwalwa yake, inda yake hana saƙon zafi isa yadda ya kamata. Ba ya ƙara wa tsoka komai, ba ya ƙara yawan iskar da jini yake ɗauka, ba ya mayar da ruwan da gumi ya fitar, ba ya cika sukarin da ya ƙare a hanta da cinya. Gajiyar tana nan inda take, mutum ne kawai ya daina jin ta, alhali jin ta ɗin shi ne yake gaya masa ya sassauta kafin zafin jiki ya wuce kima ko zuciya ta gaza. A ƙasa irin tamu, inda yaro zai fita da hantsi rana ta take shi a hanya, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Sannan ga batun adadi, wanda masu sayarwa ba sa taɓa ambatawa. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum mai ciwo na gaske, a rarrabe kuma yake ba shi, amma katin da ake fasa-ƙwaurinsa zuwa kasuwanninmu, wanda NDLEA take kamawa a tashoshin jiragen ruwa, sau da yawa ƙwaya ɗaya miligiram 225 ce. Biyu kawai sun wuce iyakar yini. Tramol kuma tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, musamman in adadin ya yi yawa ko an haɗa ta da wasu magunguna, tana iya danne numfashi, kuma jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni, har ƙwaya ɗaya ta daina isa. Mutumin da ya san duk wannan ya miƙa wa yaro kati ba tare da takardar likita ba, ya kuma yi masa ado da labarin Turawa, bai cancanci a kira shi mai magani ba, kuma abin takaici shi ne irin waɗannan shagunan kowa a unguwa ya san su, masu alhakin duba su ne kaɗai kullum ba su da labari.

Idan ƙanenka ya ce ai tarihin tseren cike yake da ƙwaya, ka ce masa haka ne, sannan ka ba shi tarihin har ƙarshensa. Tom Simpson ɗan Ingila, zakaran duniya na 1965, ya faɗi daga kan kekensa dab da ƙololuwar Mont Ventoux a gasar 1967, cikin tsananin zafi, ya rasu yana da shekara 29, aka sami ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa. Magungunan sun hana shi jin inda ya kamata ya tsaya, wanda shi ne ainihin abin da tramol take yi. A 1998 aka kama motar ƙungiyar Festina maƙare da allurai, aka kori ƙungiyar daga gasar. Lance Armstrong, wanda ya zo na ɗaya sau bakwai daga 1999 zuwa 2005, an ƙwace masa duka a 2012, ya amsa laifinsa da bakinsa a 2013, kuma waɗannan shekaru bakwai har yau babu sunan kowa a gurbinsu. Abin da su Armstrong suka yi amfani da shi ma, wato EPO, allurar da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini, da ƙarin jini, ba kayan shagon kemis ba ne, likitoci ne suke auna musu, duk da haka yana kaurara jini har ya zama barazana ga rai. Tun 2008 UCI take riƙe da kundin jinin kowane mahayi, tana bin sauye-sauyensa shekara da shekaru, mai rigar rawaya da wanda ya ci zango kuma ana gwada su kullum. Ni ba zan rantse maka cewa babu mai maguɗi a yau ba, kuma mai kallo yana da haƙƙin ya yi shakka in ya ga gudun da ya wuce hankali. Amma shakka a kan ƙwararru daban, ba wa yaro lasisin haɗiyar ƙwaya daban.

Game da abin da suke yin tseren da shi, shawarata ita ce ka daina zuba wa mai rigar rawaya ido shi kaɗai, ka riƙa ƙirga mutanen da suka rage kewaye da shi. Wanda yake bayan wani a fili yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da iska take ci, a tsakiyar ayari kuma fiye da haka, shi ya sa jagoran ƙungiya yakan yini a ɓoye, mutum bakwai suna ƙona kansu dominsa. Idan ka ga saura tsauni biyu amma mataimakinsa ɗaya ne ya rage, to ka gyara zama. Ka kuma lura da bakinsu, domin kusan kullum suna tauna ko suna kurɓa: mahayan yanzu sukan ci giram 90 zuwa 120 na sukari da sitaci a kowace awa, a ranar tsauni kuma jikinsu yana iya ƙona kalori 6,000 ko fiye. Pogacar da kansa, da ya sake durƙushewa a Col de la Loze a 2023, ya ce ya yi ta ci amma abincin ya tsaya a ciki bai sauka ƙafa ba. Bayan wannan akwai shekaru na atisaye, da makonnin da suke kwana a kan tsaunuka kafin gasa don jini ya saba da ƙarancin iska, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Biniam Girmay, ɗan Eritiriya da ya ci zango uku da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a 2024, a Asmara ya tashi, birnin da tsayinsa ya haura mita 2,300. Zangunan sukan ƙare wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma agogon Najeriya da Nijar, amma a ranakun manyan tsaunuka ka kunna tun bayan azahar, domin in ka tsaya sai awar ƙarshe ka rasa inda aka ƙulla abin.

Shi kuwa ƙanenka, kada ka dake shi, kada ka tona shi a gaban jama'a, domin abin da zai biyo baya shi ne ya koyi ɓoyewa. Ka zaunar da shi ku biyu ka tambaye shi ƙwaya nawa yake sha, mai lamba nawa, tun yaushe, kuma ko yana sha a ranakun da ba ya hawa keke. Idan ranar fita kawai yake sha kuma bai daɗe da farawa ba, ya daina yau, ya maye gurbinta da karin kumallo mai kyau, dabino ko ayaba a aljihu, da ruwa isasshe mai ɗan gishiri da sukari, ya kuma fita da asuba ya dawo kafin rana ta yi zafi. Idan kuwa kullum yake sha, ko in bai sha ba sai gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da ƙunci su kama shi, kada ya yanke lokaci guda da kansa. Ka kai shi asibitin gwamnati da ke da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a rage masa a hankali bisa tsari. Kafin likita ya gan shi ka ajiye keken a wurinka, kuma in ya taɓa yin jijjiga ko suma ko sau ɗaya ne, ka faɗa wa likitan tun kafin ya tambaya.