Ɗan Bakatsine da ke rubuta "Manchester born and bred"

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa yaranmu na Ingila ke rubuta haka alhali ubansu Bakatsine ne, ko sun yar da asalinsu ne. Ba su yar ba.

A gida asali uba yake bi. Ko a Legas aka yanke wa yaro cibiya, takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta garin ubansa ce. Wannan furuci na Turawa kuwa ba ruwansa da uba ko kaka. Abu biyu yake faɗa: nan aka haife ni, nan na tashi, kuma sai biyun sun haɗu. Wanda aka haifa a Funtuwa aka kawo shi Manchester yana ɗan shekara 10 ba zai jingina shi ga ko ɗaya cikin garuruwan biyu ba.

Wajen rubutu, ko dai sunan gari ya zo gaba, "Kano born and bred", ko ya koma ƙarshe, "born and bred in Kano". Ba kasafai ake juya kalmomin ba, haihuwa ce ke gaban reno. Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne su rubuta "bread", wato burodi, domin a baki lafazinsu ɗaya ne. Kwamfuta ma ba lallai ta ja masa jan layi ba, tunda ita ma kalma ce sahihiya. Amurkawa sun fi cewa "born and raised", ma'anar ɗaya ce.

In asali kake nufi, rubuta "of Hausa descent". Shi kuma "hails from" da jaridun Najeriya ke yawan sawa daidai ne, sai dai a kunnen Bature yana da ƙamshin tsohon yayi.

Kada ka kai "born and bred" takardar hukuma, domin ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ne. Tun 1 ga Janairun 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta wadatarwa, sai in a lokacin uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Akwai yaran da nan aka haife su, nan suka girma, amma koren fasfon Najeriya ne a hannunsu.

Yaron da ya rubuta Manchester ɗin, in dattijo ya tambaye shi a wajen suna, "Kai ɗan ina ne?", durƙusawa zai yi ya ce Katsina, har da sunan unguwar kakansa.